Yadda Muka Hana Kyamara Tsoron Dogon Yaro

Tun da aka fasa ɗakin kwamfutarmu a hutun da ya wuce aka ɗauke kwamfutoci biyu, Baba maigadi bai ƙara yi mana wasa a bakin ƙofa ba. Mu dai mun san ba shi ba ne, amma ba shi da shaida, har an fara maganar sallamarsa. Shi ya sa da muka ji iyayenmu sun haɗa kuɗi an sayo kyamarori huɗu, shi muka fara tayawa murna.

Ranar Asabar aka zo sakawa, Malamin kwamfuta ya ce mu 'yan kulob mu zo mu gani. Kowace kyamara an ja mata waya zuwa wani ɗan akwati a ofishin shugaban makaranta, a nan ake ajiye bidiyon. Mai sakawar ya ce mu zaɓa: ko ta riƙa ɗauka dare da rana, ko sai ta ga motsi. In an bar ta tana ɗauka kullum, ma'ajiyar za ta cika da wuri, sabon bidiyo ya goge tsoho. Sai muka ce da rana ta ɗauki komai, bayan an tashi kuma sai in ta ga motsi.

Ashe kyamara ba ta san mutum ba! Hoton yanzu take gwadawa da wanda ya wuce, in ta ga bambanci ta ce motsi ne. Ranar Litinin da muka duba, mun tarar da bidiyoyi ba iyaka. Muka zauna muna ta zumuɗin ganin ɓarawo. Me muka gani? Rassan dogon yaron da ke bayan ajinmu suna kaɗawa a iskar hunturu, sai wata akuya, sai gizo-gizon da ya yi saƙa a fuskar kyamara ta uku. Da dare kyamarar tana kunna wani haske da idonmu ba ya gani, shi ya sa saƙar ta fito fari fat kamar aljani.

Malam ya buɗe wani shafi da ya raba hoton gida-gida kamar littafin lissafi. Gidan da aka zaɓa kaɗai kyamara za ta kula da shi. Muka cire bishiyar, muka bar ƙofa da tagogi biyu. Ƙarfin jin motsinta kuma muka rage shi zuwa tsakiya, sannan ɗayanmu ya fita ya yi sanɗa kamar ɓarawo don mu gwada. Ta kama shi, har da daƙiƙa biyar kafin ya shigo, domin haka aka saita ta. Agogonta ma mun gyara, don bidiyon da ya nuna lokacin ƙarya ba zai wanke kowa ba.

Yanzu saura abu ɗaya, kuma shi ne ya sa muka yi wannan rubutu. Sau biyu a makon nan muna tarar da an zare soket ɗin akwatin an sa cajin waya. Ba mu ce malamanmu ba ne, amma dai ɗalibai ba sa shiga ofishin nan. A ranar Laraba tun ƙarfe biyu na rana har wayewar gari ba a ɗauki komai ba, kuma a daren Baba yana bakin aiki shi kaɗai.

Don Allah, akwai wani soket ɗin a bayan kabad.