Labo Ba Gidan Ajiye Kayan Tarihi Ba Ne

Duk lokacin da aka zo maganar koyar da kimiyya a makarantunmu na karkara, kuka ɗaya ake yi: babu kayan aiki. Gaskiya ne, amma shekarun da na yi ina koyarwa a nan ƙasar Dogarawa sun nuna mini cewa rashi biyu ne. Akwai rashin kaya, akwai kuma rashin sanin abin da ke cikin kabad. Na biyun ya fi ciwo, don shi ba kuɗi yake nema ba, kaye da biro kawai yake so.

Da aka damƙa mini mabuɗin ɗan ɗakin da muke kira labo, abin da na fara yi shi ne ƙidaya. Na tarar da mikroskop huɗu da wani shiri na taimako ya kawo, har yanzu cikin ledarsu. Duka masu aiki da lantarki ne, mu kuwa ajinmu ba wuta. Babu ko ƙananan gilasan da ake ɗora abu a kai a duba. An kawo doki, an mance da linzami. Kwalaben sinadarai kuma wasu rubutunsu ya goge, wasu sun ƙafe. Wanda ya riga ni bai saci komai ba. Tsoro ne ya sa ya kulle, don in abu ya fashe shi za a tuhuma. Haka yara suka yi ta zuwa jarrabawar BEPC suna zana abin da ba su taɓa gani ba.

Ka sani, mai karatu, kayan labo ko ba a taɓa su ba lalacewa suke yi. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana busar da duk abin da ke saurin tashi. Sinadarin soda yana tsotsar laima ya dunƙule in murfinsa bai rufu ba. Batir da aka bari cikin na'ura yana tsiyaya ya cinye ta. Ƙurar hunturu kuwa ba ta raga wa madubi. Ajiyar da babu amfani asara ce mai tafiya a hankali.

Don haka na buɗe rajista. Kowane abu da layinsa: suna, adadi, ranar shigowa, ranar ƙarewar aiki, da wanda ya ɗauka. Muna ƙidaya sau 3 a shekara: a Oktoba, a tsakiyar shekara, da kafin babban hutu. Muka kuma yi yarjejeniya da darakta da kwamitin COGES cewa gilashin da ya fashe a cikin darasi za a rubuta shi ne kawai, ba za a ci kowa tara ba. Tun daga nan malamai suka daina gudun mabuɗin.

Wajen saye ne aka fi gardama. Iyaye suna son abu babba mai sheƙi da za a nuna wa baƙi. Ni kuwa nakan ce a fara da abin da ke ƙarewa: batir, waya, ƙananan ƙwayayen fitila, gilasai, ruwan iyodin. Kafin a biya ko dala ɗaya, a yi tambaya uku: wane darasi zai yi wa aiki? Zai yi aiki ba wuta? In ya lalace, ina za a samo kayan gyara? Rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya koya mana muhimmancin ta ukun. Da hanyar Konni zuwa Illela ta toshe, kayan Kwatano kuma suka tsaya, abin da ake samu cikin mako ɗaya sai ya koma na watanni.

Sannan ba komai ake saye ba. Albasar Galmi da duniya ta sani tana ƙofarmu, kuma siririyar fatarta ce abu na farko da ake duba ƙwayoyin halitta da shi. Dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, ɗiga masa asid ka ga yana kumfa. Ruwan zoɓo yana ƙara ja da lemun tsami, ya rikiɗe in ka sa masa kanwa. Kuɗin da waɗannan suka rage mana ne muka haɗa muka sayi mikroskop ɗaya mai madubi, wanda hasken rana ya ishe shi.

Ƴan'uwa malamai, kafin mu rubuta takardar neman taimako, mu buɗe kabad mu ƙirga. Masu ba da taimako kuma, ku tambaye mu kafin ku cika kwali. Allah Ya sa mu sauke amanar yaran nan.