Zungeru: Tsohuwar Hedkwatar Arewa Mai Kai Kuka Wushishi

Matafiyin da ya taso daga Minna ya nufi Tegina ba makawa ya ratsa Zungeru, garin nan na bakin Kogin Kaduna. A nan Gwamna Lugga ya kafa hedkwatar Arewa a 1902, ta zauna har 1916, sa'an nan aka mai da ita Kaduna. Ko gadar ƙarfen zamaninsa ba a bar wa garin ba, an kwashe ta zuwa Kaduna a 1954.

Garin da a dā sarakuna ke sauraron umurni daga gare shi, yau ba shi da majalisar kansa. Maganar kasuwa, ko kwalbati, ko kufan gidajen Turawa da ciyawa ta rufe, sai kansila ya kai ta Wushishi, hedkwatar Ƙaramar Hukuma. Ita kuma Wushishi ta daɗe tana jiran abin da Minna za ta sako daga asusun haɗin gwiwa.

A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In rabon Zungeru ya zo hannu, a ganina a fara ceto kufan nan, domin madatsar ruwa mai megawat 700 da ke kusa da garin ta Tarayya ce, kansila ba shi da ta cewa a kanta.