Baƙon Shekara Arba'in da Takardar Shekara Ɗaya

Akwai tsofaffi da yawa a Tamale waɗanda aka haifa a Nijeriya ko Nijar, suka zo neman abinci ko aikin bishara tun suna samari, suka yi aure, suka yi gini, har suka ga jikoki. Maƙwabta sun daɗe da mantawa cewa su baƙi ne. Hukuma ba ta manta ba, gama ita da takarda take aiki.

Ɗaya daga cikinsu wani tsohon kafinta ne, mutumin Wusasa ta Zariya, wanda ya iso Tamale a 1980. A lokacin mutanen Gana ne suke kwarara zuwa Nijeriya saboda kuɗin mai, shi kuwa ya nufo yamma, domin wata mishan tana neman wanda zai yi mata bencina da jinkar makarantu. Ya auri 'yar Dagomba, ya zauna wajen Sabonjida, ya koyi Dagbanci har yana ciniki da shi. Duk shekarun da ya yi yana aiki, mishan ce take ɗaukar fasfonsa ta kai ofishin shige da fice, ta komo masa da shi da hatimi a ciki. Bai taɓa tambaya yadda ake yi ba.

Sa'ad da ya yi ritaya, sai abin ya fito fili. Izinin zama a Gana yakan rataya ne a kan wani dalili: aiki, ko karatu, ko hidimar mishan, ko dogara ga wani ɗan'uwa. Ranar da aikin ya ƙare, dalilin ya tafi tare da shi.

Da yawa cikin 'yan'uwanmu sukan ce, "Ai mu 'yan ECOWAS ne, ba ruwanmu da biza." Rabin gaskiya ke nan. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba, har kwana 90. Ta 1986 ta ƙara ikon zama, amma sai mutum ya nemi takardar zama daga ƙasar da yake ciki. Wanda ya dogara ga kwana 90 kaɗai, sai ya riƙa fita ta Paga ko wata iyaka yana komowa kowane wata uku. Ɗan kasuwa mai jini a jika zai iya. Ba aikin mai ciwon gwiwa ba ne.

Tsohon nan kuma ba mai wasa da takarda ba ne, gama ya ga abin da ya faru. Yana saurayi a Zariya sa'ad da gwamnatin Busia ta ba da umarni ran 18 ga Nuwamba 1969, cewa duk baƙon da ba shi da izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. Ya ga Hausawan da aka haifa a Kumasi suna sauka da ƙunshin kaya, ba su san ko hanyar gidan kakanninsu ba. A 1983 kuma, yana Tamale, ya ga ɗaya gefen: gwamnatin Shagari ta koro mutanen Gana wajen miliyan ɗaya, kuma a makonnin nan bai cika fita kasuwa ba.

Saboda haka ya bi hanya ta fari, wato sabunta izini lokaci lokaci. Wahalarta ita ce takardu uku ne, kowace tana riƙe da wutsiyar 'yar'uwarta. Dole fasfo ya kasance da rai, sabunta shi kuwa sai an je ofishin jakadancin Nijeriya a Akra, tafiyar fiye da kilomita 600. Dole kuma a sami katin shaida na baƙi, wanda a wancan lokaci aka sa wa kuɗi dala 120 da fari, sa'an nan dala 60 kowace shekara. Sai da waɗannan biyu a hannu ake maganar izinin zama. Tun 2022 kuma banki da layin waya duka suna neman katin nan, har ya zama idan ya mutu, ɗan fanshon da mutum yake karɓa ma yana iya maƙalewa. Dala 60 ba kome ba ce ga Baturen da ya zo hutawa a bakin teku. Ga mai karɓar fansho da sidi, abincin makonni ne.

Babbar 'yarsa, malamar makaranta, ita ta gaji da abin. Ta ce, "Baba, mu duka 'yan Gana ne ta wajen Mama. Kai kaɗai ne baƙo a gidanka. Me zai hana ka zama ɗan ƙasa?"

Maganarta tana da tushe. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya yarda wanda ya auri ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa ya nemi rajista. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 kuma ta buɗe ƙofa ga wanda ya daɗe da zama, mai halin kirki, mai jin ɗaya daga harsunan ƙasar. Ba zai ma rasa Nijeriya ba, gama tsarin mulkinta na 1999 bai ƙwace zama ɗan ƙasa daga haifaffen ɗanta don ya karɓi na wata ƙasa ba. Ta bayyana masa wannan duka, ya saurara, ya ce, "Uwata, na ji. Amma rantsuwa ce za a sa ni in yi, ni kuwa kabarin ubana yana Wusasa." Doka ba ta da amsar wannan, 'yar ma ba ta matsa ba. Ko da yake, a gaskiya, wannan ce hanyar da ta fi rufa asirin tsoho, domin ba ta mutuwa.

Saura hanya ta uku, wadda mutane kaɗan ne suka san da ita. Dokar shige da fice ta 2000, mai lamba 573, ta tanadi izinin zama marar iyaka. Ana so mutum ya zauna a Gana watanni 12 a jere kafin ya nema, da kuma shekara 5 cikin 7 da suka gabaci waɗannan. Ana so 'yan Gana biyu masu mutunci a idon hukuma, kamar lauya ko babban ma'aikacin gwamnati, su shaidi halinsa. Ana so izinin da yake hannunsa ya kasance da rai ranar da ya kai roƙo. Nan ne tsofaffi da yawa sukan faɗi: sun shekara arba'in a ƙasar, amma sun bar takarda ta mutu bayan ritaya, ba su da abin nunawa. Wanda yake kusa da barin aiki, gara ya nemi wannan tun sunansa yana cikin littafin ma'aikata, ikilisiyoyi masu ma'aikata daga ƙetare kuma ya kamata su tuna musu.

Tsohon kafinta ya tsira daga wannan rami saboda tsoron 1969 bai bar shi ya tsallake ko shekara ɗaya ba. Wani dattijon ikilisiya, lauya, ya sa masa hannu, wani tsohon ɗalibin makarantar da ya yi wa jinka ya zama na biyu. Takardun suka tafi Akra, aka jira watanni, aka samu.

Sharaɗi ɗaya ya rage: wanda ya bar Gana fiye da watanni 12 a jere, izinin ya faɗi. Ƙanensa yana kwance ba lafiya a Wusasa, ya kuwa tafi jinya tun bayan Ista. 'Yarsa ta rubuta ranar fitarsa a bayan kalandar ɗakin girki, kowane ƙarshen wata tana buga waya ta gaishe da Baba Ƙarami, sa'an nan ta gaya wa mahaifinta wata nawa suka rage.