Daga Tokyo Zuwa Idu: Faɗin Dogo Ɗaya, Tafiya Daban

Ran nan da dare ina zaune a ɗakina a Abuja na tuƙa jirgin ƙasa mai tsananin gudu na ƙasar Japan, wanda suke kira Shinkansen. Kada mai karatu ya ce na zuƙa ta malle, a kwamfuta ne, da wata manhaja ta kyauta mai suna OpenBVE wadda ke kwaikwayon ɗakin direba. Gudu bai ba ni wuya ba, tsayawa ce ta gagare ni. Sau uku ina zarce wurin tsayawa a tasha, domin jirgi ba mota ba ne, tun daga nesa ake fara lallaɓa birki.

Gari na wayewa sai na tasam ma tashar Idu, don in ga namu da sabon ido. Tashar tana gefen birni wajen masana'antu, ginin makeke ne, ga fasinjoji sun yi layi ana duba tikiti da kaya, ga masu ɗamara ko'ina. Wannan tsaro kuwa ba na banza ba ne, gama ba wanda ya manta da harin 28 ga Maris da ya girgiza ƙasa a 2022, lokacin da 'yan ta'adda suka tare jirgin, suka kashe wasu, suka sace wasu, har aka dakatar da zirga-zirga sai Disamba.

Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe wannan layi a Yulin 2016, tsawonsa kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa a Kaduna. Da muka bar Kubwa muka shiga tsakanin duwatsu da gonaki, sai na tsura wa dogon ido, domin akwai wata dangantaka da ba kowa ya sani ba. Tsohon dogon da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, watau daidai da tsofaffin layukan Japan. Da Japanawa suka nufi gudu, sai suka shimfiɗa sabo mai faɗin milimita 1,435, suka buɗe shi ran 1 ga Oktoba, 1964, tsakanin Tokyo da Osaka. To, wannan faɗi shi ne na dogon Abuja zuwa Kaduna.

Amma fa tafiyar ta sha bamban. Nasu na lantarki ne, yana kai kilomita 285 a sa'a guda, yana cinye kilomita 515 cikin kamar sa'a biyu da rabi. Namu na dizal ne, yakan ɗauki fiye da sa'a biyu kafin ya kai Rigasa.

Abin da manhajar ta koya mini shi ne, ba gudun ba ne abin sha'awa. A irin wannan sauri ido ba ya iya karanta alamar gefen hanya, saboda haka iyakar gudu a allon gaban direba take bayyana, in ya ƙetare ta kuwa na'ura ta kama birki da kanta. Har ila yau direbobinsu kan nuna kowace alama da yatsa su faɗe ta da baki, don kada hankali ya gushe. Shi ya sa shekara 60 da ɗoriya ba fasinjan da ya rasa ransa ta hanyar karo ko kaucewar jirgin daga kan dogo.

Jama'a, jirgi irin nasu sai da maƙudan kuɗi, amma horo da kiyaye ƙa'ida ba sai mun ci bashi ba. Da makarantunmu na koyon sana'a, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya, za su sa yara a gaban irin wannan manhaja, lalle da an dace. Gara yaro ya zarce tasha sau ɗari a kan allo, da ya zarce sau ɗaya da rayukan mutane a bayansa. Allah ya kai mu lafiya, amin.