Salansa da hanyar Argungu

A garejojin Birnin Kebbi, motar Kwatano in ta iso, abin da ake fara yi mata shi ne a ɗaga ta: a sa mata sifirin mai ƙarfi, ko a cusa roba a saman shokozoba. Ni kuwa ina saurayi a unguwar Nasarawa, da na samu Golf ɗina, sai na nufi ƙasa da ita. Na sa aka yanke sifirin, aka cire manifol na kamfani, mai walda ya haɗa mini dogayen bututu huɗu da ke haɗuwa wuri ɗaya a ƙarƙashin injin, don ta yi gurnani irin na motocin tseren bikin kamun kifi na Argungu.

Tsohon bakaniken da ke gefe bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, motag ga a kan tabarma za ka tuƙa ta?"

Ga abin da na gane daga baya. Ƙaramar mota irin wannan tana fitowa da tazarar santimita 13 zuwa 15 tsakanin cikinta da ƙasa, Hilux kuma sama da 20. In ka yanke sifirin ka ci wani abu daga tazarar, dogon bututu ya ci wani, domin mahaɗarsa ta fi ta kamfani saukowa. Ni kuma da na auna, motar babu kowa a ciki. Wace mota ce a ƙasar nan take tafiya babu kowa? Ranar da Inna da ƙannena suka shiga, aka ɗora buhun shinkafar fadama a but, ragowar tazarar ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Kowane tudun rage gudu a ƙauyukan kan hanya sai na hau shi a karkace, direbobin haya na bayana suna danna oda.

Kartar ƙasa ba ita ce babbar ɓarna ba, ko da yake ita ke ba da kunya. Bugun da mahaɗar ta sha yana komawa har kan injin, ya sassauta kusoshi, gasket ya fara hura. Daga nan iska ke shiga inda bai kamata ba, na'urar auna hayaƙi ta ruɗe, mota ta riƙa shan mai. Abin da ya fi tsorata ni shi ne hayaƙin da ke sulalowa cikin mota in an rufe gilashi. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, ciwon kai da jiri da barci take kawowa, har tana iya kisa. Inna ta daɗe tana cewa motata na sa mata jiri, ina ɗauka tsufa ne.

Ba a banza Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 ta daɗe a hanyoyinmu ba: cikinta a ɗage yake, salansarta a naɗe sama.

Har yanzu ina son ƙarar injin mai daɗi, ban tuba da wannan ba. Sai dai yanzu gajeren bututu nake sawa, wanda ke manne da jikin injin, da mahaɗa mai lanƙwasa da ke shanye bugu. Kafin in biya mai walda, sai na kira yaran gareji su cika kujeru, a sa buhu a but, sannan in kwanta in auna.