Abin da Amalanken Constable Ya Koya Mini

Mai koyon ɗinki yakan warware tsohuwar riga don ya ga yadda aka haɗa ta. Da wannan niyya na zauna kwaikwayon zanen The Hay Wain da fentin mai. John Constable ne ya kammala shi a 1821, yanzu kuma yana rataye a National Gallery da ke Landan. Amalanke ne da dawakai suka ja shi cikin kogin Stour, ga gidan manomi a hagu, ga kare a bakin ruwa, gajimare kuma ya cinye kusan rabin zanen.

Darasi na farko shi ne aikin daga ƙasa yake tasowa. Constable yakan shafe ƙyallen zanensa da launin ja mai duhu kafin ya ɗora komai. Da na bi sawunsa, sai na ga amfanin hakan: duk inda burushi ya bar 'yar kafa tsakanin ganyaye, jan nan yana leƙowa, itacen ya yi rai. Daga nan ake shimfiɗa wuraren duhu, a bar haske sai can ƙarshe. Ɗigon farin da ke sa ruwan ƙyalli, shi ne kusan abin da hannu ke taɓawa daga baya.

Na biyu, kore ba ɗaya ba ne. Wanda ke fitowa daga kwalba ɗanye ne shar, ba a samun irinsa a daji. Sai an karya shi da ja ko ruwan ƙasa. Itatuwan kusa suna da duhu da nauyi, filin da ke nesa kuwa, inda masu yankan ciyawa suka zama 'yan ɗigo, ya koɗe ya yi haske. Wannan bambanci ne ke sa ido ya ga nisa a kan shafaffen ƙyalle. Ɗan jan da ke kan kayan dawakan ma da gangan aka sa shi, don koren ya ƙara fitowa.

Na uku, haƙuri. Fentin mai ba ya bushewa da wuri, yakan ɗauki kwanaki, mai kauri ma makonni. Shafin farko a tsinka shi da tafentin, na sama a ƙara masa man linsid. In aka juya tsarin, na sama ya riga na ƙasa bushewa, zanen ya tsattsage. Mu da muke da hunturu, dole a juya fuskar zanen ga bango, in ba haka ba ƙura ta manne masa har abada.

Babban darasin kuwa daga tarihin mai zanen na same shi. A Landan ya yi aikin, amma wurin da ya zana ya san shi tun yana yaro, domin injin niƙan mahaifinsa yana nan Flatford. Sai da ya yi gwaji mai girman zanen kansa kafin ya fara na gaske. A 1824 aka nuna shi a Faransa, har ya samu lambar zinariya. Abin da ya sani ya zana, shi ya sa ya karɓu. Kwaikwayo yana ba mutum tsarin aiki da kaifin ido, amma wanda ya gama shi, ya ɗauki burushi ya nufi fadamar garinsu.