Kwalbar Fandeshan Tsakanin Jisonayili da Kano

A Jisonayili, ɗaya daga unguwannin Tamale a arewacin Ghana, mace kan fito da sassafe a kan babur ɗinta, ita ke tuƙi, goyo a baya, kaya a gaba, iska da jar ƙura suna dukan fuskarta har ta kai kasuwar Aboabo ko wurin aiki. Baƙon da ya zo daga Kano wannan yake fara lura da shi, kuma abin ya shafi kwalliya fiye da yadda ake zato. Fuskar da za ta sha rana da ƙura a buɗe ba ta yafe wa mai ita kuskuren shafa. In kwalliyar ta yi kauri, gumi zai tsaga ta, in ta yi maiƙo, ƙura za ta manne mata. A Kano kuwa mace kan fita a cikin adaidaita sahu ko mota, wata ma da niƙabi, don haka kuskuren ba ya saurin tona kansa. A ganina daga nan bambancin ya faro. Mai sayen fandeshan a shagunan Sabon Gari tambayarta ta farko lamba ce, wato wace kala. A Tamale yanayi yana tilasta wa mace ta fara da wata tambayar: wane hali fatar take ciki a wannan wata? Tambayar Tamale ita ce daidai, musamman ga mai fuska mai hali biyu, kuma ya kamata mu karɓe ta.

Fuska mai hali biyu ita ce wadda goshinta da hancinta da haɓarta suke tsatsar da maiƙo, kumatu kuwa suna bushewa, wani lokaci har su yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Dalilin a halitta yake. Ƙananan jakunkunan da ke fitar da maiƙon fata sun fi yawa a tsakiyar fuska, sun yi ƙaranci a gefenta. Shi ya sa kwalba guda ba ta iya gamsar da fuskar duka. Fandeshan marar sheƙi, wanda aka yi don ya tsotse maiƙo, yakan zauna lafiya a kan hanci amma ya daddare a kumatu, ya bi kowane layi na fata ya bayyana shi. Mai laushi da ɗanshi kuwa yakan yi kyau a kumatu, amma kafin azahar ya narke a goshi ya taru a gefen hanci. Akwai kuma abin da masu kwalliya suka sani sarai: fandeshan yakan ƙara duhu ko ya ja zuwa launin jan ƙasa bayan ya haɗu da maiƙon fata da iska. To a fuska mai hali biyu wannan sauyi ba ya tafiya bai ɗaya. Tsakiya ta yi duhu, gefe ya tsaya yadda aka shafa shi, sai a ga mace da fuska kala biyu alhali daga kwalba ɗaya ta ɗiba.

Rubutun da ke jikin kwalba, wanda ke cewa an yi ta don fata mai hali biyu, yana ɗauka cewa halin fata abu ne tsayayye, yadda take a Janairu haka take a Agusta. A ƙasarmu ta ciyawa da ƙura ba haka abin yake ba. Tamale damina ɗaya take da ita, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kamar dai ƙasar Hausa, sai dai tata ta fi tsawo. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ke kaɗawa, iska ta bushe ƙarau, leɓe ya tsage, kumatun da a da suke lafiya su fara saɓa. Daga Maris zuwa Afrilu zafi kan kai ko ya haura digiri 40, a lokacin har busasshiyar fata sai ta yi naso. Da damina iska ta cika da ɗanshi, hodar da ta zauna da kyau a hunturu ta koma kwaɓi. Ke nan mace guda tana da fuska uku a shekara, kowace kuma rabinta maiƙo rabinta bushewa, sai dai ma'aunin ne ke karkata. Wadda ta sayi kwalba ɗaya a kan za ta kai ta shekara ta sayi abin da zai yi mata daidai na wani ɓangare na shekarar kawai.

Abin da Jisonayili ta fi mu da shi a nan shi ne man kaɗanya a bakin ƙofa. Unguwar tana cikin wuraren da mata ke sarrafa shi a ƙungiyance. Mafi yawan aikin na hannu ne: a tsinto ƙwara da damina, a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa har ta zama baƙin kwaɓi, sannan mace ta duƙa a kan babban kwano tana bugun kwaɓin da hannu tana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, har farin kumfan mai ya taso ya rabu da dusa. Shi za a kwashe a tafasa, a tace, a bar shi ya daskare. Ƙungiyar mata ta Tungteiya da ke wannan yanki tun a 1994 ta fara sayar wa kamfanin The Body Shop na Ingila man kaɗanya, kuma sauran kamfanonin kwalliya na duniya suna zuba irin wannan mai a kayan shafarsu. Macen da ta tashi a inda ake wannan aiki ta san man a tafin hannunta. Ta san ɗan abin da bai kai ƙwayar masara ba, in aka murza shi ya narke, ya ishi kumatu biyu, ta kuma san ba a kai shi goshi da bazara. Wato tun kafin ta buɗe kwalbar kanti ta riga ta raba fuskarta gida biyu, ta ba kowane gefe abin da yake nema. A Kano mun bar man kaɗanya ga jarirai da kaushin ƙafa da mura, muna sayen firaima mai tsada, wadda ake shafawa kafin fandeshan, mu shafe fuska da ita gaba ɗaya. Abin yana ba ni takaici, domin Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan ƙwarar kaɗanya, har gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyarta na wata shida a Agustan 2025 don a riƙa sarrafa ta a gida.

Za a ce mai a kan fata mai maiƙo ai ƙara wa Barno dawaki ne, kuma man kaɗanya yana toshe ƙofofin fata ya kawo ƙuraje. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Man mai nauyi ne, akwai fuskokin da ba sa jure shi, kuma wadda ƙuraje suka riga suka dama ta fi buƙatar likitan fata a kan kowane mai. Haka nan in aka shafa shi da yawa aka ɗora fandeshan nan take, kwalliyar za ta zame. Amma hujjata ba a kan man kaɗanya kansa ta tsaya ba. Ta tsaya ne a kan rabon fuska: a jiƙa inda ya bushe, a bar inda ke da maiƙo, a jira fata ta shanye kafin a ɗora komai. Wadda man kaɗanya bai karɓe ta ba ta nemi wani mai marar nauyi ta bi wannan tsari. Kuskuren da nake suka shi ne a ɗauki fuska kamar bango, a bi ta da fenti kauri ɗaya daga gashin goshi zuwa haɓa.

Batun kala shi ya fi zafi. A wurinmu an saba ɗaukar fandeshan da ya fi fata haske da mataki ɗaya ko biyu, har amarya kan fito ranar kamu fuskarta daban wuyanta daban, danginta ma sai sun ƙura ido. Ga fuska mai hali biyu wannan zaɓi ninki biyu yake cutarwa, domin farin sinadarin da ke ba wa fandeshan haske yana kwanciya a busasshen kumatu ya yi toka-toka, a tsakiya kuwa maiƙo ya sauya shi. Launin fandeshan daga garin ƙarfe ja da rawaya da baƙi ake haɗa shi, shi ya sa kwalba biyu masu duhu ɗaya za su iya bambanta, ɗaya ta ja zuwa ja ɗaya zuwa rawaya. Gwaji a bayan hannu a ƙarƙashin fitilar shago ba ya nuna wannan. A muƙamuƙi ake gwadawa, a fita hasken rana, a kuma ba shi kamar rabin sa'a a ga inda zai tsaya. Mai musu zai ce matan Tamale ma suna son haske, suna kuma shafa man bilicin, shagunan kwalliyarsu hotunan Instagram ɗin da namu ke kwaikwayo su suke kwaikwayo. Haka ne, ba na wanke su. Da babu matsalar a Ghana, da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ba ta hana shigo da mayukan da ke ɗauke da sinadarin haidirokwinon ba a 2016, kamar yadda NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa na lafiya a Nijeriya a 2023. Bambancin da nake nunawa na kwalliyar yau da kullum ne. Macen da za ta hau babur ta ratsa gari da tsakar rana ba za ta iya ɗaukar fuskar da ba tata ba, domin kafin ta isa gumi ya zana mata iyakar fenti da fata.

Wani kuma zai ce kamfanoni sun riga sun magance wannan, a nemi kaya mai kyau kawai. Gaskiya ne an samu ci gaba. Fashion Fair ta fara yi wa baƙar fata kayan kwalliya a Amurka tun 1973, House of Tara ta taso a Legas, kuma da Rihanna ta fito da Fenty Beauty a 2017 da kala 40 sai sauran kamfanoni suka bi sahu. Sai dai yawan kala matsalar launi yake warwarewa, bai taɓa matsalar maiƙo da bushewa ba. Ga tsada, ga jabun kaya da suka cika kasuwanninmu. Sannan abin da kamfanonin ke alfahari da shi, wato fandeshan da ruwa ba ya ratsa shi, wanda zai wuni bai motsa ba, ya ci karo da rayuwar mace Musulma, a Tamale take ko a Kano. Za ta yi alwala, kuma malamai sun yi bayani cewa duk abin da ya hana ruwa taɓa fata sai an gusar da shi. Mai kaurin kwalliya sai ta dirje fuska da sabulu sau biyu ko uku a wuni, kumatu su ƙara bushewa, goshi kuwa ya mayar da maiƙonsa ba da jimawa ba. Shafa marar kauri, wadda ruwa da tsumma mai laushi za su ɗauke, a mayar da ita cikin minti biyar, ta fi dacewa da mai salla biyar.

A aikace abin bai da wahala, ko da yake yana son haƙuri. Da hunturu a jiƙa kumatu da gefen baki da ɗan mai, a ɗora fandeshan na ruwa marar nauyi, a taɓa hodar gari a hanci da goshi kaɗai. Da bazara da damina a rage man ko a bar shi sai dare, a sa fandeshan a wuraren da ke da tabo ko duhu kawai, sauran fuska a bar ta ta sha iska. In maiƙo ya taso da rana, a danna shi da takarda mai laushi maimakon a ƙara hoda a kan hoda, domin hodar da ta sha maiƙo ita ke zama kwaɓin da ƙura ke kamawa. Wadda ke da hali ta ajiye ƙananan kwalabe biyu, ɗaya marar sheƙi don tsakiya ɗaya mai ɗanshi don gefe, ta riƙa sauya yawansu yadda wata ya sauya. Wadda ba ta da hali kwalba ɗaya ta ishe ta, muddin ta yi daidai da launin wuyanta, da ɗan curin man kaɗanya irin wanda ake sayarwa a Kasuwar Kurmi kamar yadda ake sayar da shi a Aboabo.